Neman Sandunan Dakta a Doha

Talata: Haɗeja zuwa Kano

Ƙarfe shida saura kwata na safe, gari bai gama wayewa ba, na fito daga gidana a Haɗeja da akwati ɗaya da jakar bakko ɗaya. Uwargida ta rako ni har zaure tana nanata magana guda: "Malam, gani za ka je yi, ba koyarwa ba." Na ce na ji. Allah ya sani ban ji ba.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin gandun daji kafin in yi ritaya, kuma har gobe ba na iya wuce bishiya ban tsaya na ba ta shawara ba. 'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, tana karatun digiri na uku a Doha. Tun ranar da ta tafi muke ce mata Dakta, alhali takardar ba ta shigo hannu ba. Bincikenta a kan wani icce ne na ƙasashen sanyi da ake kira wilo, Larabawa kuma su ce safsaf. Ba don inuwa ake shuka shi ba, ba kuma don 'ya'ya ba. Layi-layi ake dasa shi kamar rake, ya yi shekara biyu ko uku a sare shi daga gindi, a daddatse, a busar, a ƙona a samu wutar lantarki, shi kuma gindin ya sake tofowa. Ita tana so ta gani ko zai rayu a ƙasa mai zafi da gishiri idan ana ba shi ruwan kwata da aka tace. Ranar da ta yi mini bayani a waya na ce, "Wato dai itacen girki." Ta ce, "Baba, makamashi." Na ce, "To, itacen girki mai digiri."

Korona ta cinye mata lokacin dashe biyu. A shekarar farko an rufe ko'ina, ba jirgi ba gona. A ta biyu an aiko sandunan dashen, suka yi zaman jiran jirgi har suka bushe. Wannan karon shi ne na ƙarshe: in ba ta nuna gonar gwajinta a tsaye ba, tallafin karatun zai ƙare ta dawo gida hannu rabbana. Ni kuma shekara uku ke nan rabona da ganin fuskarta sai a waya.

Na samu kujerar gaba a motar wani direba Ɗan'azumi, naira dubu huɗu da ɗari biyar, har da rediyon da ba ya kashewa. Shinge uku muka wuce. A na Gujungu wani jami'i ya leƙo, ya ja hanci, ya ce, "Baba, me ya mutu a jakar nan?" Na ce daddawa ce za ta je Doha kallon ƙwallon kofin duniya. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Ƙarfe tara da minti ashirin muka shiga Kano.

Na yini gidan ƙanina a Kurna, na ci ɗanwake da mai da yaji, na yi wanka. Jirgi ya tashi ƙarfe shida da 'yan mintuna na yamma, ya tsaya Abuja ya ɗebi mutane, sannan ya miƙe. A lokacin ba wanda ke shiga ƙasar sai da katin masu kallon gasar kofin duniya, don haka Dakta ta saya mini tikitin wasa tsakanin wasu ƙasashe biyu da ko a taswira sai na laluba. Maƙwabcin kujerata ya tambaye ni wa nake goyon baya. Na ce 'yata.

Laraba: Doha, unguwar Mu'aither

Ƙarfe shida saura ashirin na safe agogonsu muka sauka. Sun riga mu da awa biyu. Ma'aikacin kwastan ya buɗe bakkon, ya duba kuka da kuɓewa da man shanu, ya zo kan daddawa ya rufe da sauri ya ce in wuce.

Tana tsaye a bakin ƙofar fita. Ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar mutane masu fenti a fuska da tutoci a wuya. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan takalminta na ce, "Kin rame." Ta ce, "Baba, kai ma ka tsufa." Iyakar abin da muka iya yi ke nan.

Wanda ya zo ɗaukarmu Lawandi ne, ɗan maƙwabcina na Haɗeja, direba a wani kamfani a can shekara shida. Tun da masauki ya yi tsadar da ba a magana, ita kuma a ɗakunan ɗalibai mata take, a gidansu zan sauka. "Yalla, mu tafi, Baba," in ji shi, ya ɗauki akwatin. Minti arba'in muka yi zuwa Mu'aither.

Gidan na maza goma sha huɗu ne, masu gadi da direbobi, yawancinsu 'yan arewa, sai ɗaya ɗan Ghana. Gadaje hawa biyu ne, aka bar mini na ƙasa don girmamawa da kuma gwiwa. Abin alfaharin gidan wani ƙaton firji ne mai ƙofa biyu da kafil ɗin ɗaya daga cikinsu, wato uban gidansa na aiki, ya yi kyautarsa. Kowa sai ya nuna mini shi. Da rana muka ci shinkafa da kaza irin ta Larabawa a faranti ɗaya, aka biyo da shayin madara mai kauri da suke kira karak, riyal ɗaya kofi. Na sha uku ina kushe shi.

Alhamis: ɗakin kaya na filin jirgi

Sandunan sun iso tun Litinin, amma sai da masu duba lafiyar tsirrai suka gama nasu. Daga ƙarfe goma na safe muke zaune a benci, sai huɗu saura ashirin aka miƙo wa Dakta akwatin sanyi guda. Ta rungume shi. Ni dai ba a yi mini haka ba jiya.

Matsalar ita ce ɗakin sanyi na gonar ana kulle shi da azahar ɗin Alhamis sai safiyar Asabar, firjin ɗakinta kuwa kankana ɗaya ke cika shi. Lawandi ya ce ai ga nasu. Muka dawo Mu'aither, ta tsaya a ƙofar kicin ta yi mini bayani. Ɗauri huɗu ne, kowanne sanda sittin, kowace sanda tsawon biro da ɗan ɗoriya, kaurin ɗan yatsa, an naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Kowane iri an ɗiga masa fenti a kai: ja, shuɗi, rawaya, fari. Jan shi ne wanda ake kyautata zaton yana jure gishiri, kuma a kansa duk begenta yake. Daga kowane iri tana bukatar arba'in da takwas, layi huɗu na sha biyu-sha biyu. Ragowar na ko-ta-kwana ne.

"Baba, don Allah kar a buɗe. In suka sha iska sun mutu."

"Ni kike gaya wa? Na dasa iccen da ya fi ki shekaru."

Ta tafi. Bayan magariba na buɗe. Ba zan yi wa kaina ado ba: shekara talatin da ɗaya ban taɓa riƙe wilo a hannuna ba, ga shi kuma a firji taku biyar daga gadona. Na kwance ɗaurin ja, na zaro ɗaya, na kankare ɓawon da farce na ga kore shar, na shinshina, na ƙirga idanun da za su tofo. Kaya ne mai kyau. Ina cikin haka aka ce abinci ya sauka, na mayar da buhun sama-sama ban ɗaure ba, na tura jakar man shanu kusa da shi na rufe firjin.

A wajen cin abincin ne na yi jawabi irin na baƙon kirki. Na ce, "Samari, tsarabarku tana firji. Akwai man shanu, akwai yaji, akwai asuwaki na gida mai kyau. Kowa ya ɗiba, ba sai an tambaye ni ba." Suka yi ta godiya. Asuwakin gaskiya kuwa yana can ƙasan akwatina a cikin safa, na manta ban fito da shi ba.

Juma'a da safe: Mu'aither

Ƙarfe takwas saura goma na fito tsakar gida na tarar da Lawandi zaune a kan bokiti yana goge haƙora yana yamutsa fuska.

"Baba, asuwakin nan naka ɗaci gare shi. Amma fa yana gyara baki."

Na dubi ƙarshen sandar da ke waje. Jan fenti.

Ban san lokacin da na isa kicin ba. Buhun a buɗe, na ƙirga sau uku, sha tara. Arba'in da ɗaya sun tafi. Ranar Juma'a ce, kowa ya tashi da niyyar raya sunna, kowa ya ɗiba kamar yadda na ce, wasu har da na abokan aiki. Na zauna a ƙasan kicin. Tsoro na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka kai ta asibiti tana jaririya.

Lawandi ya zare sandar daga bakinsa a hankali ya miƙo mini da hannu biyu. "Baba, a kira ta?"

"A'a. A nemo su tukuna."

Ya ɗauki waya ya aika saƙon murya ga 'yan gidan: "Jama'a, duk wanda ya ɗauki asuwaki a firji ya daina tauna yanzu-yanzu. Ba asuwaki ba ne, digirin Dakta ne. Khalas, shi ke nan, kar wanda ya sake sa shi a baki." Muka bi ɗaki-ɗaki. Uku a ƙarƙashin matashin wani da ya dawo daga gadin dare yana barci, biyu a banɗaki, ɗaya a aljihun riga a rataye, biyu a kwandon shara don masu su sun ce ɗacin ya yi yawa. Da ta Lawandi, tara. Na jiƙa tawul na naɗe su, na ɗauki wuƙar dashena da gorar ruwa, na zaro asuwakin gaskiya daga cikin safa na zuba a aljihu. Tara saura ashirin muka bar gida.

Corniche

Amsa ta farko daga Musbahu ta zo, wani ɗan Gusau mai gadi a bakin teku. Takwas ya ɗauka. An hana mota shiga Corniche, babban titin bakin tekun, saboda gasar, don haka muka ajiye tamu muka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, kyauta ga mai katin kallo. Sai a ranar na ga amfanin ƙwallo. Daga tasha muka taka minti ashirin da biyar a cikin mutane, wasu na buga ganga, wasu na ɗaukar hoto da ni ban san dalili ba. Lawandi ya ce babbar rigata ce.

Musbahu na tsaye a wata ƙofar ƙarfe cikin riga mai ƙyalli. Ya zaro biyu daga aljihu. Sauran ya raba wa abokan aiki, kuma ba ya iya barin ƙofarsa, sai ya riƙa nuna mana su da baki. Muka bi su ɗaya-ɗaya: ɗan Bangladash ya ba da tasa yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin, ɗan Kenya ya ce dama bai san me ake yi da ita ba, ya maƙala ta a kunne ne kawai, ɗan Sudan kuwa ya cinye kusan rabin tasa ya ce bai ji wani ɗaci ba. Bakwai suka dawo.

"Ta takwas fa?"

Musbahu ya nuna teku. Wani ɗan kallo mai ƙatuwar malafa ya gan shi yana tauna, ya roƙi ɗaya ya kai gida tsaraba. Yana cikin wani jirgin ruwa na katako da ya riga ya yi nisa, ana ta kiɗa a ciki. Na tsaya ina kallon malafar tana ƙanƙancewa.

A nan wayata ta yi ƙara. Dakta ce.

"Baba, kana ina? Ina jin hayaniya."

"Na fito ganin teku."

"Madalla. Ka ga ka fara sakin jiki. Sandunana lafiya?"

Na dubi tawul ɗin da ke hammatata yana ɗiga. Na ce, "Ina kula da su." Ta yi dariya ta ce ta sani. Na kashe wayar ina jin kunyar kaina.

Al Asmakh

Mafi yawa suna hannun Alhaji Mumuni, dattijon gidan, mutumin Zangon Kumasi, mai gadin wani shagon yadi a Al Asmakh. Sha shida ya kwasa, kuma ba ya duba waya ranar Juma'a. Muka taka minti ashirin daga bakin teku muka shiga tsohuwar unguwa mai ƙananan gidaje da shagunan tela da na gyaran agogo. Ana kiran salla muka same shi a ƙofar masallaci, hannunsa wayam, fuskarsa cike da annuri.

"Malam, Allah ya saka. Duka na raba. Ladan naka ne."

Lawandi ya yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Yarinyan ka ya yi ƙoƙari, na tausaya. Amma sadaka na yi da shi. Ni ba zan tsaya ƙofar masallaci in ce a dawo mini da sadaka ba. Shekara sittin da biyu ban taɓa ba."

Na so in yi fushi, amma mutumin yana da gaskiya, kuma ni na ce kowa ya ɗiba. Muka shiga muka yi salla. Allah ya gafarta mini, rabin huɗubar a aljihunan mutane idona yake. Ana sallamewa dabara ta zo mini. Na zaro asuwakin Haɗeja na ce, "Alhaji, ba karɓewa za mu yi ba. Musanya za mu yi, mu ba su wanda ya fi." Ya juya asuwakin a hannu, ya ɗan ciza, ya ce wannan kam ya halatta.

Muka tsaya mu uku a bakin ƙofa. Alhaji Mumuni na gane waɗanda ya bai wa, Lawandi na bayani da Larabcinsa na direbobi, ni ina miƙa asuwaki ina karɓar wilo. Wani tsoho ɗan Pakistan ya ƙi sakin tasa sai da na ba shi biyu. Wani ya karɓi asuwakin alhali ba a taɓa ba shi komai ba. Sha ɗaya muka samu. Biyar sun bi masu su ta ɗaya ƙofar. Takwas ɗin da suka rage a lissafi suna tare da direbobin da suka yi nisa, kuma da aka same su a waya duk sun yar.

Muka zauna a wani shagon shayi. Na shimfiɗa tawul a tebur na fito da wuƙa. Duk inda haƙori ya taɓa na yanke shi a karkace, na wanke, na ƙirga idanu. Mai ido uku tana da rai sosai, mai biyu sai addu'a. Wasu sun kankare fentin kafin su tauna, sai na duba inda idanun suka fuskanta na gane sama da ƙasa na yi alama. Da sha taran da ke firji, arba'in da shida. Biyu babu, kuma takwas daga ciki gajeru ne ƙwarai.

Na ce wa Lawandi, "Yanzu kira ta."

Biyu da kwata ta iso. Ta ga tawul, ta ga tarin guntayen da aka tauna a gefen faranti, ta tsaya. Na faɗa mata komai daga kwance ɗaurin har malafar da ta tafi teku, ban rage ba. Ta zauna ta ɗauki sandunan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Can ta ce, "Wa ya yi yankan?"

"Ni."

"Ya yi kyau." Ta goge ido da gefen mayafi. "Baba, mutum nawa ne suka ci digirina?"

Lawandi ya ce a ƙiyasinsa ƙasashe bakwai. Ta yi wata dariya da ba ta gama zama dariya ba, ta naɗe tawul ɗin ta sa a jakarta. Daren nan kankanar ɗakinta ce ta bar firji.

Asabar: gonar gwaji

Biyar da minti goma muka tashi, muka ɗauko ta, muka miƙi hanyar arewa kilomita hamsin da biyar. Ba komai a hanya sai fili da turakun wuta da raƙuma jefi-jefi. Gonar tana bayan shingen waya, an ja bututun ruwa siri-siri a kan kunyoyi, an kafa rumfar raga don rage rana. Mai kula da wurin, Usman, Basudane ne dogo mai fara'a. Ya ba mu shayi da gurasa da wake.

Na buɗe baki zan ce kunyoyin sun yi kusa da juna, na tuna inda nake tsaye, na rufe. Dakta ta miƙo mini ƙarfen huda rami ta nuna mini zurfin da take so. Ana tura sandar a ƙasa a tsaye har sai ido ɗaya ko biyu ne kawai a waje, a danne gefen da dunduniya. Na yi yadda aka ce. Shuɗi, rawaya da fari suka cika layukansu. Ja ya ƙare da rami biyu a buɗe.

Wajen ƙarfe tara malamarta ta iso, wata Balarabiya mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta gaishe ni da mutunci, ta zaga layukan, ta tsaya a kan ja. Ta tsuguna ta duba gajerun, ta dubi ramuka biyun. Suka koma gefe suna magana da Larabci, ni kuma Larabcina bai wuce na salla ba. Na ga Dakta ta sunkuyar da kai, malamar tana magana tana nuna ta da biro. Da ta tafi na tambaya.

"Ta ce in arba'in suka kama daga cikin ja za ta sa hannu a ci gaba. In ba su kai ba, babu."

"Sauran maganar fa?"

"Ta aiki ce, Baba."

Sauran kwanaki

Kwana tara na ƙara. Na je wasan da aka saya mini tikiti, na zauna tsakanin mutum biyu masu kuka, ɗaya don murna ɗaya don baƙin ciki, na ba kowannensu dabino. Sau uku na koma gonar. A zuwa na ƙarshe idanun shuɗi da fari sun fashe, ja kuwa sun kumbura kawai, ba a san inda suka nufa ba. A gidan Mu'aither an manna takarda a ƙofar firji da Hausa da Turanci da Larabci cewa duk abin da ke cikin buhu a tambaya. Musbahu ya riƙa gaishe ni da "Baba, ya gonarmu?" tun da a cewarsa yana da haƙori a ciki.

Ranar komawa Dakta tana da aiki a gona, a can muka yi sallama da safe. Lawandi ya kai ni filin jirgi. Mun kusa isa ya rage rediyo.

"Baba, ka san abin da ta gaya wa malamar ran nan? Ina kusa, na ji."

"Me ta ce?"

"Malamar ta tambaya wa ya buɗe ɗaurin. Ta ce ita ce. Ta ce ita ta kwance don ta duba, ta manta ba ta ɗaure ba. Malamar ta ce ba ta zaci sakaci irin wannan daga gare ta ba, kuma za ta rubuta a takardarta."

Muka isa, muka tsaya. Ya sauke mini akwati, na riƙe hannunsa na daɗe, na shiga.

Gida

Mun sauka Kano da hantsi, na sake samun Ɗan'azumi da rediyonsa, la'asar ta yi mini a ƙofar gida. Uwargida ta karɓi jaka ta dube ni ta ce, "Ka koyar ko?" Na ce a ba ni ruwa tukuna.

Kwana shida bayan nan, ina zaune a zaure, hoto ya shigo wayata: layi huɗu, ƙananan ganye sirara kore a kan ƙasa fara. A ƙasa ta rubuta, "Arba'in da biyu. Ta sa hannu." Na kira uwargida ta gani, na shiga ɗaki na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Da yamma na kira ta. Na ce na san abin da ta faɗa wa malamarta, kuma zan rubuta wasiƙa da Turancina na ma'aikata in gyara maganar.

"Baba, kar ka rubuta mata. Ya wuce."

"Sunanki ne aka ɓata a takarda."

"Layi ɗaya ne. Ni zan iya ɗaukar layi ɗaya. Ba zan iya tsayawa a gaban baƙuwa in ce mahaifina ne ba. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata, kuma ban karya ba. Wannan da Hausa na rubuta shi, malamar kuwa ba ta jin Hausa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Lawandi da ya bi rana da ni, da Alhaji Mumuni da ya yarda da musanya, da Musbahu, da Usman, da duk wanda ya zare sanda daga bakinsa ya miƙa wa tsohon da bai sani ba. Ku kuma mutanen gida da za ku karanta wannan, in wata rana kun ji an ce Dakta ta taɓa yin sakaci da aikinta, ku ce ba haka ba ne. Ni na buɗe buhun.